Tasar Laka a Ƙofar Ɗakin Baba

Shekarar da aka rufe lakwal ɗinmu, makarantar ƙauye da nake aiki, can arewa da Filinge a kan hanyar Abala, na dawo gidanmu na Filinge da jaka ɗaya da katifa a naɗe. Ni ke koyar da ilimin halittu a ƙaramin kolej ɗin garin. Ko sallama ba mu yi da yara ba. Darakta ya tara mu da safe ya ce kowa ya tattara nasa, masu bindiga sun kwana a ƙauyen da ke kusa. Abu guda na ɗauko daga kabad ɗin ajinmu, wani madubin hannu mai ƙara girman abu, wanda nake nuna wa yara ƙafar fara da shi.

Na iske Baba a kwance. Rabin jikinsa na dama ya shanye tun bayan kaka, harshensa ya yi nauyi. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ke kula da shi, amma ita ma tsufa ya kama ta, ba ta iya ɗaga shi. Yayana yana Yamai da iyalinsa, ƙanena yana Aljeriya wajen neman aiki. Ni kuwa aurena ya mutu, ban haihu ba, ga shi yanzu ba ni da aji. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ke za ki riƙe Baba. Kowa dai ya ɗauka maganar ta ƙare tun ranar da na sauke jakata.

Haka kwanaki suka soma tafiya. In tashi in ɗora ruwa, in wanke shi, in juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, in dama hura in ba shi da ludayi, in wanke zannuwa in shanya. Kafin su bushe wasu sun ɓaci. A waje kuma an hana hawan moto, wato babur, sojoji sun tsare bakin gari, kuma da an yi isha'i kowa ya shige gida. Zuwa Yamai, da a da ake yi a dawo a yini, ya zama abin shawara da addu'a. Daga tsakar gidanmu ina hango dutsen da ke saman gari, wanda muke hawa muna yara, amma shi ma an ce a daina zuwa. Iyakata kasuwar Lahadi da farmasi wajen sayen magani.

Tun ina ƙarama nake son teku, kuma ban san mafarin abin ba. Ƙasarmu ta Kurfai ba ta da ko gulbi. Ruwanmu na rijiya ne da tabkunan damina masu ƙafewa kafin sanyi ya wuce. Amma da na je jami'a a Yamai, duk littafin da ke maganar halittun teku sai na karance shi, ko ba ya cikin abin da za a tambaye mu. Na san sunayen kifaye da ban taɓa jin ƙarninsu ba. Na san yadda ruwa ke hawa ya janye saboda wata. Idona dai bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Kwara ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a cikin gidanmu akwai wanda ya ga teku. Baba ya yi shekaru a Abijan yana saurayi, yana sayar da shayi da burodi kusa da tashar jiragen ruwa. Duk lokacin da na tambaye shi ina yarinya, sai ya ce, “Ruwa ne mai gishiri, babu komi cikinai,” ya juya maganar. Ya so in zama likita. Da na zaɓi abin da na zaɓa ya ce ya biya karatu ɗiyarsa ta koma nazarin kwaɗi.

Da bazara ta yi nisa, Gwaggo ta ce a yaɓe katangar baya kafin ruwa ya sauka. Wani dattijo mai amalanken jaki ya kawo mana laka daga tabkin yamma da gari, wanda ya bushe ƙaf. A cikin lodin na ga ɓawon saman tabkin, mai tsattsagewa ya nannaɗe kamar ƙanzo. Na tuna wani darasi da muka yi a jami'a. Na tsince ɓawon, na zuba a tsohuwar tasar wanki, na kwarara ruwan rijiya, na ajiye a inuwar ƙofar ɗakin Baba, inda nake zama in tsare shi.

Gwaggo ta leƙo ta ce, “Wanga kuma mi na na? Tuwon laka za mu ci?”

Na ce, “Bari dai ki gani, Gwaggo.”

Kwana biyu ba abin da ya faru sai lakar da ta kwanta, ruwan ya tace. Sannan wata safiya na duƙa da madubin, na ga ɗigo-ɗigo suna tsalle cikin ruwan, ƙanana kamar garin hatsi. Ƙwayaye ne da suka kwanta cikin busasshiyar ƙasa, rana ta gasa su, shanu suka tattake su, suna jiran ruwa, ga shi sun ƙyanƙyashe. Bayan ƴan kwanaki wasu suka girma suka kai ƙwayar wake, masu garkuwa a baya da wutsiya mai reshe biyu, suna tonon laka da ƙafafu barkatai. Wasu kuma sirara ne, ana ganin cikinsu, suna iyo a rigingine. Waɗannan dangin jatan lande ne na teku. A tasar wankinmu, a Filinge.

Ina durƙushe ina magana ni kaɗai, sai na ji muryar Baba daga cikin ɗaki. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Uwata, da wa kike magana?”

“Da baƙi, Baba.”

“Kawo su in gani.”

Na jingina shi da matasai, na jawo tasar har bakin katifa, na sa masa madubin a hannun hagu. Hannun yana rawa, sai da na riƙe masa. Ya daɗe yana kallo. Miyau ya zubo masa a gefen baki, na share, bai ma kula ba.

Ya ce, “Wa ya sa su ciki?”

“Ba kowa. Cikin ƙasar suke.”

“Ƙarya kike. Ƙasar da ta bushe?”

“Wallahi. Dubi mai garkuwan nan, idonai ukku.”

Ya ƙara matsawa. Ya ce shi biyu ya gani. Na ce na ukun ƙarami ne, yana tsakiya. Muka yi ta musu har hurarsa ta tsinke. Tun dawowata ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba.

Daga ranar tasar ta zama abin da yake tambaya kafin ya tambayi karin kumallo. Masu garkuwar suna cin ƴan'uwansu in abinci ya yi ƙaranci, sai Baba ya ɗauki gefe. Akwai wani babba da ya sa wa suna soja, yana zaginsa da nauyin harshensa duk sanda ya kama ƙarami. Da suka tsufa suka mace, ya ce in zubar. Na ce a'a, mu bar ruwan ya ƙafe, sun bar ƙwai. Muka shanya lakar a rana, muka sake zuba ruwa, wasu suka fito. Ya ce, “Ikon Allah,” sannan ya ce in kira Gwaggo ta shaida.

In an kawo kuran, wato wutar lantarki, na cika wayata, kuma rezon intanet ya yarda, sai in sauko da ƴan bidiyo na ƙarƙashin teku mu kalla da hantsi. Na nuna masa wata halitta mai hannuwa takwas da ke sauya launi ta ɓace a jikin dutse. Na nuna masa dabbar da ta fi kowace girma a duniya tana shayar da ɗanta nono a cikin ruwa. Wannan ya yarda da ita nan take, ya ce ya taɓa ganin gawar irinta a bakin ruwa, warinta ya hana mutane ciniki. Amma da na ce masa murjanin da Inna take sawa a wuya ginin wasu ƙananan dabbobi ne, ya ƙi sam.

“Dutsi ne. Ni na saye shi, na san dutsi.”

“Baba, ga shi nan kana gani, suna buɗe baki.”

“Wannan hure ne. Turawa na ruɗinku.”

Har yau bai yarda ba. Ni ma akwai inda ban yarda da shi ba, don ya rantse ya ga kifi mai fuskar mutum a kasuwar masunta. Da na gaya masa wannan ƙasar tamu ta taɓa zama ƙarƙashin teku, har ana tsintar ɓawon halittun ruwa a duwatsun wajen Tawa, ya ce ai sananne ne, ruwan Ɗufana ne. Na bar shi a haka, shi ma ya bar ni.

Wata rana da damina ta kankama, ruwa yana zuba ya hana ni wanki, muna kallon igiyar ruwa tana dukan gaɓa a cikin wayar, sai ya ce in kashe. Na kashe. Sannan ya soma ba ni labari, kalma tana fita da ƙyar, wata sai ya maimaita kafin in gane.

Su biyu suka bar Kurfai tare, shi da abokinsa na ƙuruciya, ɗan wani ƙauye wajen Sanam. Ɗaki ɗaya suke kwana a Abijan. Wata ranar hutu suka je bakin teku kallo, kamar yadda baƙi ke yi. Abokin ya naɗe wando ya shiga, ruwa iyakar gwiwa, yana dariya yana kiran Baba ya zo ya ɗanɗana gishirin. Ruwa ya zo ya koma, ya tafi da shi. Baba yana tsaye riƙe da takalman mutumin. Ba a ga gawar ba. Shi ya dawo gida ya gaya wa uwar yaron, ita kuwa ta ƙi yarda, ta ce ruwa iyakar gwiwa ba ya cin mutum. Har ta rasu, in ta gamu da Baba a kasuwa sai ta tambaye shi ko an ji labari.

Ya ce, “Shi ya sa ban son kina tambayata.”

Na gyara masa matashi. Can ya ce, “Amma yana da kyau, uwata. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamatai ba. In rana za ta hwaɗi, sai ka ce an zuba manja.”

Bayan kaka wayata ta yi ƙara ina tsakar wanke-wanke. Tsohuwar malamata ce ta jami'a, wadda ta san haukata a kan teku. Ta ce akwai horo na wasu watanni a Dakar a kan halittun bakin teku, ana ɗaukar malaman makaranta, an ba ta wuri ɗaya, kuma ni ta fara tunawa. Masauki da tafiya duk a kansu. Abin da ake so kawai in iso Yamai da takarduna kafin ƙarshen wata.

Na zauna a kan turmi hannuna duk kumfa. Na ce, “Madam, zan kira ki.”

Na kira Yaya. Ya yi murna da gaske, sannan ya soma lissafo abubuwa. Ɗakuna biyu gare su a gidan haya. Matarsa tana da tsohon ciki. Aikinsa ba ya barinsa. Ya ce, “Ke dai kin hi kowa sanin jikinai. Kuma ke ba ki da wani nauyi bisa kanki.” Na san ba da mugunta ya faɗa ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ƙanena ya turo murya daga Aljeriya yana cewa in yi haƙuri, in ya samu zai aiko da abin da za a ɗauki mai aiki. Wace mai aiki za ta ɗaga namiji baligi ta wanke shi? Gwaggo ta ce ita ba ta hana ni ba, amma in dube ta in dubi hannuwanta.

Ban gaya wa Baba ba. Ashe kunnensa bai shanye ba. Da na kawo masa tuwo da rana ya kawar da kai.

“Kira mini yayanki.”

Na kira, na kara masa wayar a kunne. Ban taɓa jin ya yi wa Yaya magana haka ba. Kalmomin suna karyewa, amma ba wanda zai ce bai gane ba. Ya ce Yaya ya zo ya ɗauke shi ya kai shi Yamai, ko a zaure ne ya kwantar da shi, yarinyar nan za ta tafi. Yaya ya ce to.

Na soma shiri kamar mai mafarki. Na fito da takarduna, na wanke jakata, na koya wa Gwaggo jerin magungunan don ta gaya wa matar Yaya. Har ɗinki na kai. Baba yana ta ba ni umarni: kada in shiga ruwan ko da iyakar idon sawu, in tsaya nesa, in kuma ɗebo masa yashin wurin ya taɓa.

Ranar da Yaya zai taso, aka tare motoci a hanya tsakaninmu da Balleyara. Direbobi suka ajiye aiki. Aka ce a jira rakiyar sojoji, rakiyar kuma ba ta da rana. Yaya ya kai Balleyara ya kwana ya juya. Ana cikin jiran nan zazzaɓi ya kama Baba, ƙirjinsa ya cika, muka kai shi likita a kan amalanke. Aka kwantar da shi, aka sa masa ruwa. Ina zaune a kan tabarma a gefen gadonsa ina kore masa ƙuda watan ya ƙare. Malamata ta ƙara mini ƴan kwanaki da ƙoƙarinta. Da suka wuce ta kira, muryarta a sanyaye, ta ce dole ta ba wani. Na ce na gode, na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Na fita bayan ɗakin marasa lafiya, wajen da mata ke wanke kwanoni, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aurena ya mutu.

Da aka buɗe hanya Yaya ya zo da buhun shinkafa da lemo. Ya kwana biyu. Likita ya ce jikin Baba ba zai ɗauki doguwar tafiya ba yanzu, na ga sauƙin da ya bayyana a fuskar Yaya duk da ya yi ƙoƙarin ɓoyewa. Ban yi masa faɗa ba. Ban da ƙarfin faɗa.

Muka dawo gida. Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi. Ina yin komai yadda na saba, wanka, juyi, hura, wanki, amma bakina a rufe. Na daina sauko da bidiyo. Wani lokaci ina shanya sai in tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina kallon katanga, in ji kamar tana matsowa. Wanda aka ba wurin nawa, wani abokin karatunmu ne, yana sa hotuna a rukuninmu na waya, yana tsaye cikin laka da dogayen takalma riƙe da ƙaguwa. Na fita daga rukunin.

Baba ya san abin da ke damuna. Ciwon ya ƙara cin harshensa, maganarsa ta ragu. Wata rana ina yanke masa farce ya ce, “Na tsare ki.”

Na ce, “Ba kai ba ne, Baba. Hanya ce.”

“Ni ne.”

“To, kai ne da hanya.”

Ya yi wata dariya da rabin baki wadda ta koma tari. Ni ma na yi, ban shirya ba. Ba ta gyara komai ba, amma daga ranar na koma yi masa hira.

Da aka koma makaranta, inspektan makarantu ya kira ni. Yaran ƙauyukan da aka rufe wa lakwal sun cika Filinge, suna zaune gidajen dangi, an kafa musu rumfunan zana a filin kolej, ana neman malamai. Na ce ba zan iya yini ba. Aka ba ni darasin safe kawai. Gwaggo tana zama da Baba, maƙwabciyarmu tana leƙowa, ni kuma in na fita sai in yi ta duba waya.

Rumfar tawa ba ta da tebur. Yara suna zaune a kan tabarmi da buhuna, gwiwa na gugar gwiwa, wasu daga cikinsu nawa ne na can ƙauye, sun yi tsawo sun rame. Allon yana jingine da itace. Ranar da muka kai darasin ruwayen duniya, na bar abin da ke cikin littafi na shiga ba su labari. Na gaya musu akwai wurin da hasken rana ba ya kaiwa, kifayen can suna kunna fitilar jikinsu. Na gaya musu kunkurun teku yana yawo shekaru ya dawo ya yi ƙwai a yashin da aka ƙyanƙyashe shi. Na ji muryata tana tashi, hannuna duk alli, yaran sun yi tsit, har na rumfar kusa suna leƙe ta ramukan zana.

Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu. Ta ce, “Madam, in mutum ya tsaya bakinai, yana hangen wancan ƙetaren?”

Na ce, “A'a. Ruwa ne har inda ido ya tsaya.”

“Ke kin gani?”

“Ban gani ba. Babana ya gani, shi ya gaya mini.”

Ta gyaɗa kai, ta gamsu. Wani yaro ya ce to in ba ƙetare ina jirage ke zuwa, aji ya kaure da musu, na bar su suka yi ta yi. Ana buga ƙarfen tashi na tattara allina na kama hanya da sauri, don rana ta take, kuma tun safe Baba yake kwance a gefe ɗaya.